Gargaɗi ga masu Pi a yankin Gumel da Maigatari

Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa na gida, musamman iyayenmu mata da samarin ƙauye. Akwai wani mutum da yake zagaya ƙauyukanmu a kan mashin, ranar Alhamis kuma sai ka gan shi a kasuwar Maigatari, wai shi wakilin Pi ne, kuɗin intanet ɗin nan da ake tarawa ta manhajar waya, yana karɓar naira 5,000 don ya yi wa mutum KYC, wato tantance shaidarsa, ya buɗe masa walat, wato asusun ajiyar Pi, sannan ya ce a ba shi kalmomin sirrin walat ɗin guda 24 zai ɗora a sistem. Wallahi damfara ce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bidiyon TikTok da yake kunna wa mutane, wani ya sha babbar riga yana bayani da Hausa mai daɗi cewa Pi ɗaya dala 314,159 ce kuma an riga an tabbatar. Wa ya tabbatar? Wannan lambar daga darasin lissafi aka ɗauko ta, 3.14159 da ake auna da'ira da ita, wasu ne suka maƙala mata dala suka kira ta GCV, wato wai farashin da duniya ta amince da shi, waɗanda suka ƙirƙiro Pi ɗin kansu ba su taɓa sa wannan farashi ba. An fara Pi a 2019, aka buɗe ta ga kasuwa ranar 20 ga Fabrairun 2025, ta taɓa kusan dala 3 a ƙarshen watan sannan ta gangaro ƙasa da dala 1. Kuma ku yi lissafi da kanku, iyakar Pi da za a samar biliyan 100 ce, in kowace ta kai kuɗin da yake faɗa an haura dala tiriliyan 31,000, alhali abin da duniya kaf take samarwa a shekara tiriliyan 100 ne da ɗoriya, to a ina za a samo kuɗin biyanmu?

KYC a cikin manhajar ake yi da wayarka da katin shaidarka, babu wani wakili. Kalmomi 24 kuwa su ne makullin rumbunka, duk wanda ya riƙe su zai kwashe komai yana zaune a ɗakinsa kuma babu bankin da za ka kai wa kuka, abin da ya fita ya fita.

Wata baiwar Allah a unguwarmu akuyarta ta sayar ta biya wa 'ya'yanta, har yanzu tana jiran alat. Mun ga damfarar zuba jari ta MMM a 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025, haba jama'a.

Wanda ya riga ya ba shi kalmomin ya buɗe sabon walat yau ya mayar da abin da ya rage. In ɗan damfarar ya shigo garinku kada a taɓa shi, a sanar da mai unguwa ko dagaci a kai maganar wajen 'yan sanda.