Karkatarwa ko adireshi kai tsaye: wanne ya fi yayin da kwamfuta ke girka kanta?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Ya saita nginx ɗinsa, manhajar sabar yanar gizo, ya riƙa karkatar da duk wanda ya zo ta http zuwa https, tun daga nan kwamfutocin da yake girka wa Linux ta hanyar sadarwa suka fara tsayawa, fayil ɗin amsoshi, wanda ke amsa tambayoyin girkawa a madadin mutum, ba ya saukowa. Yana son sanin wanne ya fi: ya bar karkatarwar ya gyara ɓangaren girkawa, ko ya ba injin adireshin ƙarshe kai tsaye.

Malam, ni ina tare da adireshi kai tsaye, amma ba a kowane mataki ba. Bari mu ajiye su gefe da gefe.

Karkatarwa amsa ce kawai. Saba ta ce 301 ko 302, ta rubuta sabon wuri a layin Location, ta bar wa mai nema ya bi ko ya ƙi. Burauza tana bi ba tare da ka lura ba, shi ya sa kake buɗe fayil ɗin lafiya lau a kwamfutarka ka ɗauka komai daidai yake. Injin da ake girkawa kuwa ba burauza ɗaya yake da ita ba. Hannu uku ko huɗu ne ke karɓar aikin bi da bi, kowanne da halinsa.

Na farko iPXE, ƙaramar manhajar tayar da inji ta hanyar sadarwa, in da shi kake tayar da injin. Yana bin karkatarwa, amma https sai an kunna DOWNLOAD_PROTO_HTTPS lokacin da aka gina shi. In ba a kunna ba, ka tura shi ƙofar da ba shi da makullinta. Na biyu manhajar girkawa: Anaconda na Fedora da Red Hat yana ɗauko kickstart, wato fayil ɗin amsoshinsa, da manhajar saukewa ta curl, kuma yana bin karkatarwa, na Debian yana ɗauko nasa, preseed, da manhajar wget, wanda shi ma yana bi. Saboda haka galibi ba bin ne matsalar ba, inda aka kai su ne. Takardar shaidar sabarka in kai ka sa mata hannu da kanka, ƙaramin tsarin girkawa da ke gudana cikin ƙwaƙwalwar injin bai san ta ba. In kuma agogon injin ya kauce, abin da ke faruwa da wanda batirin agogonsa ya mutu, takarda mai kyau ma za a ƙi ta, a ce lokacinta bai yi ba ko ya wuce.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ba ya kuka. Umarnin da ka rubuta da hannunka a %post na kickstart ko late_command na preseed, sassan da ke gudana a ƙarshen girkawa. Shi wget yana bin karkatarwa da kansa har sau 20, amma curl ba ya bi sai ka sa masa -L. Ba tare da ita ba, zai ajiye ɗan shafin nan na 301 da sunan fayil ɗinka, ya fita kamar ya yi nasara. Girkawa ta ƙare, injin ya tashi, sai bayan kwana biyu ka tarar makullin SSH ɗin da ka sauke shafin HTML ne. Haka nan in injin yana aika wa saba POST (buƙatar da ke ɗauke da saƙo) don ya sanar ya gama, 301 da 302 kan mayar da shi GET (buƙatar karɓa kawai), saƙon ya zube a hanya. Lambobin 307 da 308 su ne ke riƙe shi yadda yake. Kalmar sirri ma curl ba ya wucewa da ita zuwa wata saba daban sai da --location-trusted, kuma gara da aka yi haka.

To me karkatarwa ta fi? Sauƙin ƙaura. In ka rarraba filasha ko faifai masu tsohon adireshi a ciki, layi ɗaya a saba ya ishe ka, ba sai ka sake buga su ba. Wannan amfani ne na gaske, ba na raina shi. A matakin sauke fakiti kuma ba ni da ja ko kaɗan: apt da dnf, manhajojin girka fakiti, sun saba da ita, kuma sa hannun dijital na GPG yana tsare fakitin ko daga wane madubi ya fito.

Adireshi kai tsaye wahalarsa ɗaya ce, duk ranar da ka sauya saba sai ka gyara menu na PXE, wato na tayarwa ta hanyar sadarwa. Amma fayil guda ne, kuma in abu ya lalace wuri guda za ka duba.

Akwai abin da nake so ka lura da shi game da tsaro. Karkatarwa daga http zuwa https ba ta kare buƙatar farko, a fili take tafiya, wanda ya tsaya a tsakiya yana iya tura injin inda ya ga dama. In tsaro kake nema, rubuta https tun a inst.ks ko preseed/url, inda ake ba da adireshin fayil ɗin amsoshi, ka saka takardar shaidarka cikin hoton tayarwa. Su inst.noverifyssl da allow_unauthenticated_ssl, masu kashe binciken takardar shaida, na gwaji ne, kada su kwana a saitinka.

Ga abin da zan yi a matsayinka. A nginx, cire babban fayil ɗin amsoshin daga dokar karkatarwa, ka taƙaita shi ga hanyar sadarwar girkawa kaɗai. Sannan daga wani injin ka gwada kowane adireshi da curl -I. In ka ga 200, ci gaba. In ka ga 301, kwafi abin da ke layin Location ka sa shi a madadin tsohon. In Ubuntu kake girkawa da autoinstall, tsarinsa na girka kai, tabbatar adireshin nocloud, inda fayilolin saitin suke, ya ƙare da alamar /, domin cloud-init, manhajar da ke ɗauko su, liƙa sunayen fayilolin user-data da meta-data yake yi a ƙarshensa kai tsaye.