Noom: darussanta sun fi ƙidayar kalorinta amfani

Noom manhaja ce ta rage ƙiba wadda Saeju Jeong da Artem Petakov suka kafa kamfaninta a birnin New York a 2008. Abin da take taƙama da shi shi ne ba faranti take fara gyarawa ba, tunanin mai ci take fara taɓawa. Wanda ya biya kuɗin rajista yana samun abu huɗu: gajerun darussa na kullum da ake karantawa cikin 'yan mintoci, wurin rubuta duk abin da aka ci, jadawalin awon nauyi, da kocin da ake tuntuɓa ta saƙo.

Darussan su ne ƙashin bayan manhajar, kuma sun cancanci yabo. An gina su ne a kan CBT, hanyar jinyar da ke koya wa mutum gano tunanin da ke haifar da ɗabi'a. Ga yadda abin yake a aikace. Mutum ya dawo aiki ransa a ɓace, ya ci kayan zaƙi fiye da niyyarsa, sai zuciya ta ce masa: "Tunda yau ta lalace, bari in ƙarasa, gobe na gyara." Darasin yana sa shi ya raba lamarin gida uku, wato abin da ya tsokano cin, maganar da ya faɗa wa kansa, da abin da ya aikata. Da zarar ya ga cewa maganar tsakiya ce ta mayar da loma biyu ta zama fakiti guda, ya samu wurin kamawa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1975 gwajin Peter Herman da Deborah Mack ya nuna cewa masu takura wa kansu a abinci sun fi cin askirim bayan an ba su abin sha mai zaƙi da madara, alhali waɗanda ba sa takura sukan rage. Noom ta iya kawo irin wannan bayani cikin harshe mai sauƙi, da 'yan tambayoyi a ƙarshen darasi don abin ya zauna.

Matsalar tana farawa ne idan aka buɗe shafin rubuta abinci. Manhajar tana ba mutum adadin kalorin da zai ci a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, tana kuma raba abinci kala uku gwargwadon yawan kalori a kowane giram: kore, rawaya da ruwan lemo. A da, kala ta uku ja ce, daga baya aka canza ta. Kamfanin ya ce babu abincin da aka hana, amma mai yawan zargin kansa ba haka yake karanta launi ba. Gyaɗa da man zaitun, duk da amfaninsu, suna faɗawa rukuni ɗaya da kek saboda maiƙonsu. Sai ka ga darasin safe yana cewa kada a kira abinci mai kyau ko marar kyau, da yamma kuma launi yana yanke hukuncin da darasin ya hana. Hannu ɗaya yana ginawa, ɗayan yana rushewa.

Haɗarin takura ba zato ba ne. A gwajin yunwa na Jami'ar Minnesota da Ancel Keys ya jagoranta a 1944 zuwa 1945, an rage wa maza 36 masu lafiya kusan rabin abincinsu na tsawon mako 24. Tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana, kuma da aka sake su, wasunsu sun riƙa ci ba tare da iya tsayawa ba. Saboda haka ne tsarin da likitan ƙwaƙwalwa Christopher Fairburn ya shimfiɗa a Oxford don masu cin wuce kima yake farawa da cin abinci a kan ƙa'ida: manyan abinci uku, ƙananan biyu ko uku a tsakani, kada tazara ta wuce awa huɗu. Awon nauyi kuma sau ɗaya a mako. Noom ita kuwa tana ƙarfafa hawa sikeli kowace safiya. Ga wanda lamba ba ta girgiza shi, wannan yana nuna masa cewa nauyi kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu saboda gishiri, ruwa ko al'adar mata. Ga wanda ƙarin rabin kilo ke hana shi karin kumallo, awon kullum fetur ne a kan wuta.

Kocin yana da amfani wajen tunatarwa da tsara ƙaramin buri na mako, kamar zama a ci abinci ba tare da waya a hannu ba. Amma saƙon rubutu ba ya ganin fuska, kuma koci ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Wanda yake cin abinci mai yawa cikin ɗan lokaci yana jin ba zai iya dakatawa ba, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, ya shiga ma'aunin ciwon cin wuce kima da aka ba matsayinsa na kansa a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. Shi ma mai jawo amai bayan ci, ko mai shan maganin gudawa don rage nauyi, yana nuna alamar wani ciwon. Waɗannan asibiti ne wurinsu, ba manhaja ba.

Game da sakamako, ana yawan ambatar binciken 2016 a mujallar Scientific Reports, inda kusan kashi 78 cikin 100 na mutum 35,921 suka ba da rahoton raguwar nauyi. A kula cewa waɗanda suka dage da amfani da manhajar wata shida a jere kawai aka ƙirga, su ne kuma suka shigar da nauyinsu da kansu, babu rukunin kwatanci. Waɗanda suka gaji suka ajiye a mako na uku ba sa cikin lissafin.

Wanda ya ga tsarin zai dace da shi, ya fi kyau ya juya yadda yake rubutu. Kusa da kowane abinci ya sa lokaci, inda yake, ƙarfin yunwarsa daga 1 zuwa 10 kafin ci da bayan ci, da halin da zuciyarsa ke ciki. Bayan mako biyu a duba a gani: sau nawa cin dare ya biyo bayan tsallake abincin rana, sau nawa ya biyo bayan barcin awa biyar? Amsar nan ta fi jimillar kalori nuna inda gyara yake. Idan adadin da aka ba shi yana barin shi da jiri ko tunanin abinci ba hutu, ya rage saurin ramewar a saitin manhajar don adadin ya ƙaru.

Sai batun kuɗi. A 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 56 don sasanta ƙarar da masu amfani suka shigar a Amurka kan sabunta rajista kai tsaye bayan kwanakin gwaji. Kafin a sa katin banki, a karanta ranar da gwajin zai ƙare da adadin watannin da za a cire kuɗinsu a dunƙule. Goge manhajar daga waya ba ya soke rajista, sai an shiga asusun an soke da hannu, a kuma ajiye saƙon tabbacin.