Kwana huɗu a hannun nas-nas bayan an cire min maƙoƙo

Wata takwas ke nan da aka yi min aikin maƙoƙo a wani asibitin gwamnati a nan Kano, kuma har yau mata ba su daina tare ni da tambaya ba, a gidan biki ko a islamiyya. Wata ma sai ta ce in ɗaga hijabi ta ga tabon. Duk tambayarsu a kan likita take: wane ne, hannunsa yana da kyau? Likita ya yi nasa, Allah ya saka masa. Sai dai awa uku kawai na yi a hannunsa, su ɗin ma ina barci. Sauran kwana huɗun nas-nas ne suka yi ta fama da ni, shi ya sa a kansu zan yi magana.

Na kusa shekara biyu ina ramewa alhali ina ci kamar gara, ga faɗuwar gaba, ga zufa ko cikin hunturu, hannuna na rawa har alli ya riƙa suɓuce min a aji. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Daga ƙarshe gwajin jini ya nuna tayirod ce, wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, take zuba sinadarinta fiye da kima. Aka ɗora ni kan Carbimazole har jiki ya lafa, sannan aka sa ranar aiki, tunda kumburin ya fara tokare min haɗiya. Tun a nan wata nas ta ja kunnena: in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, in ajiye maganin in zo a ɗebi jini a ranar, domin yakan karya ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Ban gamu da hakan ba, amma na riƙe.

Da na farfaɗo daga allurar barci, na tarar an jingina ni da filo biyu, rabi zaune rabi kwance. Yayata, wadda ta yi jinyata, ta so ta zare filon in miƙe sosai. Nas ta ce, "A'a Hajiya, bar ta haka, kumburi zai fi saurin sauka, numfashi ma ya fi mata sauƙi." A kan durowar gefen gado akwai ɗan faranti a rufe, da almakashi da abin cire ɗinki, aka ce kada wanda ya ɗora kofi a kai. Sai daga baya na san dalili: in jini ya taru a cikin wuya yana iya matse hanyar iska cikin mintuna, a nan kan gado za a buɗe ɗinkin. Duk zuwan da nas za ta yi, sai ta zura hannu ta bayan wuyana ta duba ko jini ya gangara can, sannan ta ce in yi mata sallama. Ni a zatona wasa take, ashe muryata take saurare, don jijiyar murya ta bayan tayirod ta bi.

Daren kwana na biyu ne ba zan manta ba. Wajen ƙarfe biyu na ji leɓena kamar kiyashi na bi, yatsuna suna mindirya. Yaya ta ce sanyin fanka ne, ta ja min zane. Da nas mai aikin dare ta zo wucewa, na ce, "Sista, bakina wani iri." Ba ta ce in yi haƙuri sai da safe ba. Ta haska fitilar wayarta, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa gaban kunnena, sai gefen bakina ya harba da kansa. Ta ɗaura min abin awon jini, ta hura ta bar shi. Kafin minti uku yatsuna sun haɗe, hannun ya lanƙwashe, na kasa buɗe shi. Nan take ta kira likitan da ke bakin aiki, aka ɗebi jini, aka sa min kalsiyam, sinadarin da ya yi ƙasa a jinina, ta jijiya a hankali, tana tsaye tana lura da bugun zuciyata. Kafin kiran assalatu bakina ya saki.

Da gari ya waye, tana shirin tashi, ta zauna bakin gadona ta zana min a bayan kwalin magani. A bayan tayirod akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, su ke riƙe da kalsiyam na jini. Aiki yakan gigita su, sai su yi sanyi na wasu kwanaki ko makonni, kuma an fi ganin hakan tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan tiyata. Matar da ta kwana a tsaye, ita da abokiyar aikinta su biyu rak a kan ɗaki cike da marasa lafiya, ta samu minti biyar ta yi min wannan.

To, ba duka ne zuma ba. Safar hannu, auduga, filasta, robar ƙarin ruwa, komai sai Yaya ta sauka ta sayo. Akwai wata mai aikin safe da ba ta iya magana ba sai da tsawa, har ta sa wata tsohuwa kuka a kan fitsari. Amma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne sallama. An miƙo min takarda da Turanci da leda biyu na magani, Levothyroxine, ɗan ƙaramin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, da ƙwayar kalsiyam, aka ce "kullum da safe, har ƙarshen rayuwa ga wannan ƙaramin", shi ke nan. Ni kuwa sai na riƙa haɗa su biyun in kora da shayi mai kauri, madara har da ƙari.

Mako shida ina haka. Ga kasala, ga jin sanyi, fata ta bushe, bayan gida ya yi tauri, barci kamar kasa. Da na koma, gwajin jinin da ake kira TSH ya haura, alamar maganin bai isa jiki ba. Likita har ya ɗauki biro zai ƙara min, sai nas ɗin da ke kiran kati ta ce, "Malama, wai da me kike shan sa?" Da na faɗa sai ta riƙe baki. Ashe da ruwa zalla ake sha, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Kalsiyam da maganin ƙarin jini kuwa sai an ba su tazarar awa huɗu, don suna kama shi a hanji su hana shi shiga. Ta ƙara min da cewa in azumi ya zo, in tashi da wuri in sha kafin sahur da rabin awa. Wannan bayanin bai kai minti biyu ba, kuma da an yi min shi ranar sallama da ban yi asarar mako shida da kuɗin gwaji ba. Yanzu ina sha da na idar da sallar asuba, gwajin da ya biyo baya kuma ya dawo daidai ba tare da an ƙara ko ƙwaya ba.

Mai tambayata ko ta je a yi mata aikin, ina ce mata ta je, amma ta tafi da mai jinya mai ƙafa da baki, kuma kada ta bar gadon ranar sallama sai nas ta faɗa mata da Hausa yadda ake shan kowane magani.

Sistar daren nan ko sunanta ban tambaya ba. Bayan na warware na koma da kwalbar turaren wuta, aka ce an mayar da ita ɗakin yara. Can na bi ta, na tarar tana neman jijiya a hannun wani jariri. Ta ɗago ta dubi wuyana ta ce, "Tabon ya kwanta. Yatsun fa?"