Yadda ake sayen tsohuwar jif ta jan tirelar doki a Ingila

Ku masu dawaki na Bauchi da Gombe da kuke ta aiko saƙo a nemo muku jif mai ƙarfi daga nan Ingila, bari in fara da abin da har yanzu yake ɗaure mini kai a cinikin mota a ƙasar nan. Dillali ba ya rantsuwa, babu ma mai neman rantsuwarsa. Lambar motar kawai za ka rubuta a shafin gwamnati na intanet, kyauta, sai tarihinta ya zubo maka a waya.

Dalili shi ne duk motar da ta kai shekara 3 dole a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara, wanda suke kira MOT, kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85. A kowane gwaji ana rubuta mil nawa ta yi, abin da ta faɗi a kai, da abin da aka ja kunnen mai ita ya gyara. Bayanan suna nan tun daga 2005. Idan bara mita ta nuna mil 140,000, bana kuma 95,000, ka san an taɓa ta. Idan shekara uku a jere ana rubuta cewa tsatsa ta kama shasi, ka san abin da za ka tarar kafin ka durƙusa. Da 'yan fam kaɗan kuma kamfanoni masu zaman kansu za su gaya maka ko akwai bashin banki a kanta, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin cewa ta tashi daga aiki. Mu kuwa a gida sai “wallahi wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti”, mita ta sha gyara a wajen mai wayarin, kowa ya sani, kowa ya yi shiru saboda la'ada.

Abu na biyu shi ne nauyi, a nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Girman mota a ido ba ya nuna abin da za ta iya ja. Akwai ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet mai lambobi huɗu. Ta farko iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu iyakar mota da tirela a haɗe, sauran biyun na ƙafafun gaba da na baya ne. Cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne abin da aka yarda ta ja. Tirelar doki biyu irin ta Ifor Williams, wadda ta fi yawa a nan, tana kai kilo 1,000 babu komai a ciki. Dawakin Ingila ƙarti ne, sun fi namu na Arewa jiki nesa ba kusa ba, ɗaya yakan kai kilo 550. Biyu 1,100 ke nan. Ƙara sirdi, ruwa da ciyawa, ka doshi 2,200. Ƙananan jif da yawa ba sa wuce 2,000, komai ƙyallinsu. Shi ya sa masu dawaki suke bin Land Cruiser, Discovery, da Pajero wadda a nan ake kira Shogun, waɗanda mafi yawansu ke jan tan 3 zuwa 3.5. Ko a cikinsu ma sai ka karanta farantin, don samfurin wata shekara ya bambanta da na wata.

Tirelar ɗaukar babur ba ta da wannan wahalar. Tirelar da ita da kayanta ba su wuce kilo 750 ba, ba dole a sa mata birki ba, mota madaidaiciya ma za ta ja.

Wajen dubawa, motar da ta sha ja tana da alamu. Ƙwallon ƙugiyar baya, inda ake maƙala tirela, ya sule, sufirin na baya ya kwanta, kulochi yana kamawa can sama ko yana santsi idan ka taka a babbar giya. Mai otomatik kuwa, in akwai sandar awo ka shinshina man giya. Ya kamata ya zama ja mai haske. In ya yi duhu yana ƙauri, zafi ya dafa giyar, don babu abin da ke kashe ta kamar jan kaya a hawa. Ka nemi a bar injin da sanyinsa kafin ka zo, mai ɓoye aibi yakan ɗumama shi. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri a ƙarƙashinsa, wataƙila ruwa na haɗuwa da mai, gasket ya tafi. Saka ƙaramar giyar ƙarfi ka ji ta shiga ta fita ba gardama, domin masu hawa cikin gari sukan shekara ba su taɓa ta ba har ta daskare. Sannan ka nemi rasit na ranar da aka canza taimin bel, in injin mai bel ne.

Babban maƙiyi dai tsatsa ce. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi yana cinye shasi ta ciki, musamman baya, daidai inda aka ɗaure ƙugiya. Shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Sabon baƙin fenti a wurin ba kwalliya ba ce. A nan nake kewar gida, gaskiya. Abin da mai walda na bakin hanyar Jos zai gama kafin la'asar kuna hira, a nan sai ka nemi rana, a caje ka da awa, wani lokaci kuɗin aiki ya ninka na kayan. Ga inshora, ga fam 12.50 kullum in ka shiga Landan da tsohuwar mai dizal.

Duk da haka in ka ga yadda doki ke tafiya a nan, sai kunya ta kama ka. Daben roba, shinge tsakanin doki da doki, birki a tirelar, da wata waya da ke danne birkin in ƙugiya ta kwance. Mai ja ba ya wuce gudun mil 60 a awa a babbar hanya, 50 a ƙarama. Mu kuma ana gobe hawan sallah a loda ingarma na miliyoyi a bayan Kanta, a zuba yashi, a ɗaure shi da igiya, yaro ya riƙe linzami daga Alkaleri har Gombe. An kashe dukiya a kan sirdi da jalala, an bar ƙafafun da ke ɗauke da su ga ramukan hanya.

Maganar aiko muku kuwa, ku haƙura. Motocin nan sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, ba a yarda da shigo da irinsu ba. Juya sitiyari a garejin unguwa, a motar da za ta ja tan biyu, ganganci ne. Ku nemi 'yar Beljiyam mai sitiyari a hagu, farantin nan mai lamba huɗu yana jikinta. Ta Amurka ba ta rubuta nauyin ja a ƙofa yadda na bayyana, sai an duba littafinta, don haka ku sa dillali ya kawo shi kafin a fara taya kuɗi.