Shaci kafin rubutu ko bin sawu bayan rubutu: wanne zai gyara babi na biyu?

Wata 'yar'uwa da ke ajin ƙarshe a jami'a a Gusau ta yi tambaya. Malamin da ke duba furojet ɗinta ya maido mata da babi na biyu har sau biyu, ya rubuta da jan biro cewa bai gane inda ta dosa ba. Shin ta koma ta tsara shaci, ko ta gyara abin da ta riga ta rubuta?

Malama, duka biyun dabarun sa ido ne a kan tunaninki yayin da kike aiki, fannin da masanin ilimin halayyar ɗan'adam John Flavell ya yi fice a kansa tun shekarun 1970. Sai dai ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Shaci na wanda bai fara ba ne. A takarda guda ki amsa tambaya uku: me nake so mai karatu ya yarda da shi, da wace hujja, wa ya riga ni magana a kai? Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne jera kanu kawai, kamar "Noman rani a Bakolori". Wannan bai ce komai ba, shi ya sa ake cika ƙarƙashinsa da "wane ya ce, wance ta ce". Kowane kai ya zama jimla mai ɗauke da ra'ayi.

Bin sawu kuwa na mai rubutu a hannu ne, kuma shi na fi ba ki shawara. Ki ajiye babin kwana biyu, domin idon da ya saba da rubutu abin da ke cikin kai yake karantawa, ba na takarda ba. Sannan ki buga shi, ki sa wa kowane sakin layi lamba, a gefensa ki rubuta abin da ya ƙunsa cikin kalma goma. Sai ki rufe babin ki karanta gefen kaɗai daga sama har ƙasa. Sakin layin da ya ƙi taƙaituwa, magana biyu ce ta cakuɗe a cikinsa, raba shi. Biyun da suka faɗi abu ɗaya, haɗe su. In kika ga ba a gane na 3 sai an karanta na 7, to nan ne malaminki ya ɓata hanya.

Kada ki taɓa nahawu a wannan zagayen, tunda wasu jimlolin ma gogewa za ki yi. Masu bincike kan yadda ake rubutu, Linda Flower da John Hayes, sun nuna a 1981 cewa marubuci kan yi ta kai-komo tsakanin tsarawa da rubutawa da bita. Saboda haka bayanan gefen nan, in kin sake jera su, su ne sabon shacinki. Ki kai wa malam su a shafi guda kafin ki sake buga babin.