Fall of Civilizations ko The Rest is History? Ga amsata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda a cikin podkas ɗin tarihin nan biyu, wato shirye-shiryen sauraro a waya, ka ce a zaɓar maka ɗaya, ɗauki Fall of Civilizations, kuma ka fara da kashi na 7, na daular Songhai. Sauran bayanin da zan yi duk dalili ne kawai.

Ni tela ne, kuma a bakin keke na san wannan podkas ɗin. Goman ƙarshe na azumi ne, ɗinkin Sallah ya taru har ba wajen taka ƙafa a shago, muna kwana muna aiki. Rediyo ta ishe ni, sai wani kwastoma malamin makaranta ya tura min wannan kashin ya ce in gwada. Ya haura awa biyu, na ce a raina ba zan kai ƙarshe ba. Mutum ɗaya ne yake ba da labarin, Paul Cooper, marubuci ɗan Ingila da ya fara shirin a 2019. Muryarsa a kwance take, ba ya gaggawa, ba ya ihu, kuma Turancinsa irin wanda mai takardar sakandare zai iya bi ne in ya nutsu. Ya taso da labarin tun daga zinare da gishiri da ayarin raƙuma, ya biyo ta Mali da Mansa Musa, ya iso kan Sonni Ali da ya hau mulki a 1464, sannan Askiya Muhammadu da ya karɓe gadon a 1493. Inda ya burge ni shi ne ba bakin Turawa kaɗai yake ara ba. Ana karanto abin da malaman Tumbuktu da kansu suka rubuta a littattafan tarihinsu na Larabci, ka ji yadda suka tsani Sonni Ali, suka kuma yabi Askiya kamar ba gobe.

Wajen ƙarfe biyun dare aka iso yaƙin Tondibi na 1591. Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya turo Judar Pasha da mutane wajen 4,000 suka keto Sahara da bindigogi. Rundunar Askiya Ishaƙ na biyu ta ninka su nesa ba kusa ba, amma mashi da baka da dawaki ne a hannunsu. Sai suka yi dabarar koro garken shanu a gaba don su tattake baƙin. Da shanun suka ji ƙarar bindiga sai suka juyo kan masu su. Wallahi a nan na ɗaga ƙafa daga keke. Yaron shagona Bazabarme ne daga wajen Gaya ta Nijar, yana can yana guga, ba ya jin Turanci, amma da ya ji ana ta maimaita kalmar sai ya ajiye dutsen guga ya ce, "Maigida, Tondibi ai baƙin dutse ke nan da yarenmu." Na tsayar da wayar na fassara masa abin da aka faɗa. Ya yi shiru, can ya ce ashe shi ya sa tsofaffi suke cewa daga can sama kakanninsu suka gangaro Dendi, yankin da Gaya take. Har aka kira assalatu muna wannan hirar, rigar mutane tana jira ba a sa mata wuya ba. Washegari na sha faɗa, kuma ban yi nadama ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba yaƙin ba ne, abin da ya biyo baya ne: yadda aka kama malaman Tumbuktu aka tasa ƙeyarsu zuwa Marrakesh, har da Ahmad Baba, wanda ya ce littattafansa 1,600 aka kwashe, kuma a danginsu shi ne mai mafi ƙaranci. Daga nan ne na shiga neman abin da ya haɗa mu da su. Ashe Shehu Magili da ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa shi ne dai ya je Gao, babban birnin Songhai, ya amsa wa Askiya tambayoyinsa kan mulki. Kanta na Kabi kuwa da farko tare suke yaƙi da Askiya, kafin su ɓata ya ɓalle. A makaranta an koya mana waɗannan sunaye a rarrabe kamar ba zamani ɗaya suka yi ba.

In ka gama wannan, bi da na Nabatiyawa, mutanen da suka sassaƙa gidaje a jikin duwatsu a Petra ta Jodan da Mada'in Salih ta Saudiyya. Na Carthage, tsohuwar daular da ke inda Tunisiya take a yau, da na Masar ma sun yi kyau, sai dai su kam doguwar tafiya ce, sai ka raba su kwana uku ko huɗu. Aibin shirin ɗaya ne: ba ya fitowa da wuri. Duka-duka wajen kashi 20 ne, kuma sai ka yi watanni kana jiran sabo. Ni dai gara min haka, tuwon da aka daɗe ana tuƙawa ba ya gudaji.

The Rest is History kuma, to, ba laifi. Tom Holland da Dominic Sandbrook sun san aikinsu, tun 2020 suke yi, sun tara ɗaruruwan kashi, kowane mako da sabo. Amma hira ce ta abokai biyu 'yan Ingila, suna katse juna, suna barkwancin da sai wanda ya tashi a can zai gane inda dariyar take, ga talla a tsakani. Turancinka in bai nuna ba, rabin maganar zai wuce ka. Kuma yana da kyau ka sani, shi Holland ɗin ya taɓa yin wani shirin talabijin a 2012 kan asalin Musulunci da Musulmi da dama suka yi ƙorafi a kansa, don haka in sun taɓo addini ka saurara da hankalinka a jikinka. Na kan kunna shi in ina yankan yadi, ban taɓa tsayar da keke saboda shi ba.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka, don a kan shirin nan na biyu aka taɓa yi min wayo. Suna da ɓangaren 'yan biyan kuɗi, inda ba talla kuma ake samun kashi kafin kowa. Wani ya tallata a WhatsApp cewa yana da asusu, a ba shi kuɗi kaɗan ya ba ka lambar shiga ta shekara guda. Na tura. Kwana tara abin ya yi aiki, ranar na goma ya rufe, mutumin kuma ya toshe lambata. Masu shirin ba su san ma ina duniya ba, ni na kai kaina. Haka su ma masu tura abubuwa a kasuwar waya, kar wanda ya karɓi sisinka da sunan zai loda maka podkas. Duka biyun kyauta ne a Spotify da YouTube da sauran manhajoji. In kuma memori za ka saya don ajiya, ka yi hattara da mai arha da aka rubuta 64GB a jiki. Da yawa jabu ne, waya za ta nuna maka girman da aka rubuta, amma kana wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai fayilolin su lalace. Ka sa mai shagon ya cika shi a gabanka, ka buɗe na farko da na ƙarshe kafin ka biya.

Batun data kuwa, sauke murya zalla. Minti ɗaya bai cika wuce 1MB ba, ka ga na Songhai da garaɓasar dare ma ka gama da shi. Na YouTube mai hoto yana da kyau, akwai taswira da hotunan wurare, amma zai lashe maka data ninki-ba-ninki, kuma ba za ka iya aiki kana kallo ba.

In a gida akwai wanda ba ya jin Turanci kuma yana son irin wannan, Al'adun Gargajiya na RFI Hausa da Amsoshin Takardunku na BBC Hausa suna rage zafi, duk da gajeru ne, kana fara jin daɗi sun ƙare. Shi yaron nawa dai har yanzu ni ne tafintansa, yanzu muna kan na Masar, mun tsaya a wajen ginin dala.