A canza lokacin aiki ko a yi ta raba fiya wata? Amsa ga Alhajin da ke gini a Dan Magaji

Salamu alaikum jama'ar zaure. Alhaji na ga tambayarka tun daren jiya, ka ce kana da aikin bene a wajen Dan Magaji a Zariya, leburori sun kai ashirin, ga zafin nan ya sako kai har yaro ɗaya ya yanke jiki ya faɗi, kuma an ba ka shawara iri biyu. Wani ya ce ka maida aikin sassafe da yamma a bar tsakar rana, wani kuma ya ce ɓata lokaci ne kawai, ka dai wadata su da ruwan sanyi da rumfa aiki ya tafi yadda aka saba daga 8 zuwa 5. To ni dai a wurina canza lokaci ya fi, nesa ba kusa ba, sai dai akwai aikin da ba ya karɓar haka, kuma shi ma canza lokacin ba ya tsayawa da ƙafarsa in babu ruwan.

Bari in fara da na ruwan tunda shi kowa ke gudu wajensa. Daɗinsa ba ya taɓa maka tsarin aiki, birkila ya zo lokacin da ya saba, tifa ta kawo yashi lokacin da ta saba, kai dai ka sayi jakunkunan fiya wata ka aje shikenan. Kuma ruwan dole ne, ba gardama, domin mutumin da ke hawa da kwanon sarki cike da kankare a rana zai iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa ɗaya. Abin da masana lafiyar ma'aikata suke cewa shi ne a sha kamar kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20, kar a jira ƙishirwa. In ka auna da ledar fiya wata mai rabin lita, leda ɗaya ke nan duk bayan rabin awa ko minti 40 ga mutum ɗaya. Yanzu lissafa Alhaji, mutum ashirin, awa takwas, jaka tana da leda 20, kana maganar jaka goma sha wani abu a yini in da gaske ake, ba jaka ukun da ake jefarwa gindin bulo su yi zafi kamar ruwan shayi ba. Shi ya sa ni na fi son randa ko babbar roba mai murfi a inuwa kusa da inda ake aikin, ba can bakin get ba, don in ruwa ya yi nisa lebura ba zai sauko daga bene saboda shi ba, zai ce bari in ƙarasa wannan.

Sannan ba a ɗirka shi lokaci guda. Mutum ya yi awa uku bai sha ba sai ya zo ya kwankwaɗi leda huɗu a tsaye, wannan ciki kawai zai cika. Kuma a awa ɗaya kar ya wuce lita ɗaya da rabi, yawan ruwa zalla ba gishiri shi ma yana da tasa illar. Ka duba bayan rigar yaranka da yamma za ka ga farin zane-zane ya bushe a jiki, gishirin jikinsu ne ya fita, kuma rashinsa na cikin abin da ke kawo ɗaurewar jijiya a ƙafa da ciki. Wanda ke cin abinci sosai, ya ci tuwo da miya ko shinkafa da wake, yawanci abincin ya maida masa. Wanda ya yini yana zuba gumi ko ya fara jin jiri shi ake ba ruwan gishiri da sukari, ko na leda da ake sayarwa a kemis a kaɗa a lita ɗaya, ko na gida, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kunun zaki da kunun tsamiya da fura duk suna da kyau a lokacin hutu. Abin da ban yarda da shi ba su ne lemukan ƙarin kuzarin nan na gwangwani da roba, balle a haɗa da tiramol, yaro zai ji kamar zai ɗaga gini alhali jikin na ta ƙara da ihu shi ba ya ji.

To ina matsalar wannan tsarin? Ruwa yana maida abin da gumi ya fitar ne, amma ba ya kashe rana. Jiki yana haɗa nasa zafin da kansa saboda aikin ƙarfi, ga na sama, ga wanda rodi da kwano da kankare ke maidowa daga ƙasa, in abin ya taru ya fi ƙarfin gumi ko ka sha rijiya zafin cikin jiki hawa zai yi. Kuma zafinmu na Zariya kala biyu ne. Na Maris busasshe ne, gumi na fitowa iska ta ɗauke, mutum ba ya ma sanin yana tsiyayewa. Na ƙarshen Afrilu zuwa Mayu kuwa, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse ruwa bai sauka ba, iska ta yi nauyi, gumin ba ya bushewa sai dai ya yi ta ɗiga, kuma gumin da bai bushe a fata ba bai sanyaya komai ba. A irin wannan ranar hutu a inuwa ne magani, to nan kuma ake samun cikas, domin mafi yawan aikinmu jinga ne. Wanda aka yi jinga da shi a kan hawa da bulo ɗari kaza, ka ce masa zauna ka huta minti goma, a kunnensa cewa ka yi rage kuɗinka. Rumfar tana nan a kafe ba kowa a ciki sai babur ɗin fomin. In za ka bi wannan hanyar sai dai hutun ya zama doka ga kowa lokaci ɗaya, a kashe mikisa, kowa ya sauko, ba wai wanda ya gaji ya je ya huta ba, don ba namijin da zai yarda a gaban abokansa cewa shi ne ya fara gajiya.

Tsarin canza lokaci kuwa cire mutum yake yi daga cikin wutar gaba ɗaya. Ba kuma sabon abu ba ne, ƙasashen Larabawa da 'yan uwanmu ke zuwa aikatau doka ce a wurinsu. Saudiyya ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 12:30 zuwa 3, Qatar ma tun 2021 ta faɗaɗa nata daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Su nasu zafin a wancan lokacin yake, namu Maris zuwa Mayu ne, inda a Afrilu ake kusantar digiri 40 a inuwa, ba a kan dekin ba.

Kuskuren da ake yi shi ne a ce a tashi 12 a dawo bayan Azahar. Rana tana tsaka da 12 gaskiya ne, amma zafi ya fi tsanani wajen 2 zuwa 4, lokacin ƙasa da bango sun gama sha suna amayarwa, wato ka huta a mai sauƙi ka dawo a mai tsanani ke nan. Abin da ya fi shi ne a fara da zarar gari ya waye, 6:30 shebur na aiki, a tashi 11:30 ko 12, a dawo bayan La'asar wajen 4 a yi har gab da Magariba. Lissafa ka gani, awa bakwai da rabi zuwa takwas ne, ba abin da ka rasa, kuma aikin da lebura zai yi maka daga 7 zuwa 9 na safe ya fi wanda zai yi daga 1 zuwa 3 yana jan ƙafa. Simintinka ma zai gode maka, kankaren da aka zuba da tsakar rana ruwansa na saurin tashi, ya yi ta tsagewa a sama, sannan masu kwaɓa su yi ta ƙara ruwa don ya yi musu laushi, ƙarfin ya ragu, filasta ma haka.

Wahalarsa ita ce mutane. Yaron da ya taso daga Giwa ko Basawa ko Dakace ba zai koma gida da rana ya sake biyan kuɗin mota ya dawo ba, don haka awa huɗun nan a wurinka zai yi su, ka ga rumfar da kake gudu ta dawo, da tabarma, da ruwa, da mai abinci a kusa. In ginin ya riga ya sami dekin na farko ai ƙasansa ya fi kowace rumfa sanyi, a share a shimfiɗa. Wasu kuma za su ce ka riƙe su tun safe har dare a kuɗin yini ɗaya, wannan magana ce ta zama da su tun farko, wasu ma sun fi son a yi ta a miƙe daga 6 zuwa 1 a sallame su su kama wani abin. Sai ranar zuba dekin, wannan kam ba a tsayawa a tsakiya a tafi hutun awa huɗu, in kankare ya kama kafin a ci gaba an bar rauni a wurin. Ranar sai a shirya komai tun daren, yashi da tsakuwa da ruwa da man mikisa, ana sallame Asuba a tayar, a ƙara yawan masu ɗauka su zama rukuni biyu suna karɓeɓeniya, a nan tsarin ruwa da hutu ne ke riƙe aikin ba na lokaci ba.

Don haka in ni ne kai ba zan yi wa kowa kuɗin goro ba. Kafintan da ke kan rufi yana buga kwano, da masu ɗaurin rodi, da masu haƙan fandisho, da masu hawa da bulo, waɗannan a raba su da tsakar rana. Masu filastar ciki da tayil da wayarin suna iya bin lokacin da aka saba in akwai iska da ruwa.

Akwai kuma abin da duk shawarwarin biyu ba su taɓo ba, kuma ina zargin shi ya kada yaronka, ka bincika ko sabon zuwa ne. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a zafi. A Amurka da suka bi diddigin ma'aikatan da zafi ya kashe, sun tarar mafi yawansu a makon farko na kama aiki suka mutu, shi ya sa suke cewa sabo ya yi kashi 20 cikin 100 na aikin a ranar farko, a riƙa ƙara masa kashi 20 kullum. Mu kuwa sabon yaro shi ake ɗora wa mafi wuya don a ga ƙarfinsa. Haka wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa, da mai sikila, da mai ciwon suga, da dattijon da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a sa musu ido. Mai azumi kuwa, na nafila ko na ramuwa, tsarin ruwa bai da amfani a kansa sam, sai dai na lokaci, ya yi na safe ya tsaya. Ka kuma gaya musu su riƙa duba fitsarinsu, in ya yi ja kamar shayi ba madara ruwa ya yi ƙaranci, kuma maimaita haka kullum ƙoda yake ci a hankali.

In wani ya sake faɗuwa, abin dubawa hankalinsa ne. Wanda ke jiri da ciwon kai da tashin zuciya amma ya san inda yake yana amsa magana daidai, a kai shi inuwa, a kwantar a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta kaya, a jiƙa shi, ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari, kuma ya gama aiki na ranar ko ya ce ya warware. Wanda kuwa ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko ya suma, ko yana jijjiga, jiki zau, ko da gumi ko babu, wannan zafin cikinsa ya kai wajen digiri 40 kuma mintuna ake ƙirgawa. Kar a tsaya ana cewa iska ce ta buge shi ana neman mai ruƙiya, a yi addu'a ana aiki. A cire masa riga a yi ta kwara masa ruwa daga durom ɗin kwaɓa ana fifita da kwali, in akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi, kar a ɗura masa komai a baki tunda ba ya cikin hayyacinsa, farasitamol kuma ba ya sauke irin wannan zafin. Ana sanyayawa ana neman mota, a cikin motar ma a ci gaba da jiƙawa gilashi a buɗe har asibiti mafi kusa, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura asibitin koyarwa na Shika. Kuma tunda lokacin zafi shi ne lokacin sanƙarau a wajenmu, in ka ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya ka faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.